Ranar da Burl Hatcher Ya Hau Yankan Raga

Duk garin Tolliver babu wanda ya taɓa ganin Burl Hatcher ya jefa ƙwallo ta shiga kwando, amma babu wanda bai sha labarin ba. Ko igiya ka je saye a shagonsa na kayan gini, kafin ya auna maka sai ka ji yadda ya ci maki talatin da takwas a wasa ɗaya yana ɗan sakandare, kuma da karyayyen yatsa. Wata rana yatsan na hannun hagu ne, wata rana na dama. Matarsa Nadine, wadda ajinsu ɗaya a makarantar, ta ce iya saninta Burl shi ne mai riƙe wa 'yan wasa tawul, kuma tawul ɗin ma yakan manta shi a mota.

Garinmu ƙarami ne, a bakin kogin Ohio, kudancin Indiana. Ban da masara ba mu da abin taƙama sai 'yan ƙwallon kwando na kwalejinmu. Shekara talatin da ɗaya muryar tsoho Virgil ce take kiran sunayen 'yan wasa a zauren kwalejin duk ranar da ake wasa a gida. A shekarar da nake ba ku labari likita ya ce maƙogwaronsa ya gaji, ya ajiye makirufo. Tun daga ranar Burl ya rasa sukuni. Makirufon nan yake so, so na haƙiƙa, wanda ko ɓoyewa ba ya iya yi. Har a banɗaki Nadine takan ji shi yana jan sunayen yara yana gwada murya, ruwa na zuba a banza.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a gaba, shi ma ba da gangan ba. Odell ne, ƙanin Nadine, mai aski, wanda sai ka matsa kusa kafin ka ji gaisuwarsa. Bai nemi aikin ba, Virgil ne ya ambaci sunansa. Wadda za ta yanke hukunci kuwa Misis Opal ce, shugabar kwamitin magoya baya, tsohuwar malamar lissafi da ta koyar da rabin garin, ciki har da Burl, wanda ya ji daɗin ajinta har ya maimaita shi.

Ana cikin haka abin da ba a taɓa gani ba ya faru: yaranmu suka samu shiga babbar gasar kwalejoji ta watan Maris. Ƙungiya sittin da huɗu, a raba su shiyya huɗu, wanda aka cinye ya tattara kayansa ya koma gida. Ranar Lahadin da za a sanar da rabon, bayan an tashi daga coci, gari ya cika gidan abincin bakin gada aka kafa wa talabijin ido. Aka jefa mu shiyyar Yamma, aka haɗa mu da wata ƙatuwar jami'a ta California wadda ɗalibanta sun fi mutanen garinmu yawa sau biyar.

Sai wani mai sharhi mai sheƙin gashi ya gyara tayen wuyansa ya ce shiyyar Yamma ce ta fi ƙarfi a bana, kuma ta fi daɗin kallo, in ban da Tolliver. Ya ce 'yan Tolliver miƙa wa juna ƙwallo suke yi har agogo ya kusa ƙarewa, don haka duk mai fama da rashin barci ya kunna wasansu.

Burl ya miƙe, cinyar kaza a hannunsa.

"Wannan ko kwandon shara bai taɓa jefa wa takarda ta shiga ba," ya ce. "Ku saurara in raba muku shiyyoyin nan kyauta. Gabas 'yan boko ne, suna ƙwallo suna tunanin jarrabawa. Kudu gudu kawai suka iya, kamar an biyo su. Yamma kuwa samarin bakin teku ne, gyaran gashi ya fi ƙwallo cin lokacinsu. Ƙarfi yana nan Tsakiya, inda muke."

"To ai mu Yamma aka kai mu, mijin yaya," in ji Odell a hankali.

"Shi ya sa na ce mun riga mun ci."

"Bara ka ce Yamma ce ta fi kowa."

"Bara na faɗa ne don in gwada ku, in ga mai hankali."

"Ka samu?"

"Ban samu ba, har da kai."

Wasan ya faɗo ranar Alhamis da ƙarfe ɗaya na rana, a can wani gari da sai an yi kwana biyu a mota. Saboda haka kwamiti ya ce a kafa majigi a zauren kwaleji kowa ya zo a kalla tare. Da aka ji gidan talabijin zai turo kyamara don a nuna wa ƙasa yadda mutanen gida suke ji, Burl ya bi Misis Opal har wurin motarta, hularsa a hannu.

"Malama, ki ba ni Alhamis. Rana ɗaya tak. In ban sa Amurka ta tashi tsaye ba, ki ba Odell makirufon har da wayarsa."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da takan yi wa takardar jarrabawarsa.

"Na ba ka. In aka tashi lafiya, naka ne. Aikinka uku: ka yi wa jama'a maraba, ka faɗa musu inda banɗaki yake, ka yi shiru."

"Na ukun fa, Malama, har zuwa yaushe?"

"Har a busa ƙahon tashi."

Kwana uku Burl bai sayar da ƙusa ko ɗaya ba. Ya kulle kansa a bayan shago da bututun ruwa da tukunyar iska ta hura taya, yana haɗa bindigar harba riguna irin wadda ya gani a manyan filaye. Ya fito da tsani mafi tsawo a shagon ya goge shi. Ranar Laraba da yamma Nadine ta nemi almakashinta na ɗinki ta rasa, sai ta same shi a gareji, rataye da zare, an fesa masa fenti ruwan zinariya yana bushewa.

"Maigida, me almakashina ya yi maka?"

"Gobe zai shiga tarihi. Da shi zan yanke raga a gaban Amurka."

Nadine ta zauna a kan gwangwanin fenti. Kowa a ƙasar nan ya san ƙa'ida. Ƙungiyar da ta ci kofi ita ke hawa tsani ta yanke ragar kwando, kowane ɗan wasa zare ɗaya, koci ya ƙarasa. Kafin a busa ƙahon tashi kuwa, ko sunan almakashi ba a ambata, don kada a kori sa'a.

"Na farko dai, kai ba ɗan wasa ba ne," ta ce. "Na biyu, wasan farko ne, ba kofi ba. Na uku, ragar da za ka yanke tana nan Tolliver, su kuma suna can."

"Kin ga matsalarku ke nan, ku dangin Odell. Ba ku da hangen nesa."

"Mu dai muna da almakashi, da."

Ranar Alhamis wata irin cuta ta kama garin. Banki ya manna takarda a ƙofa, makaranta ta sallami yara tun hantsi, likita da kansa ya rubuta wa kansa hutun jinya. Mutum ɗari shida suka cika zauren, mata suka jera tukwanen faten wake da nama da burodin masara a kan tebura a gefe. Kowa ya zo da abin da yake ganin shi ke kawo nasara. Misis Opal tana layi na uku riƙe da muciyar da take riƙewa tun wasan farko na shekara. Fasto ya zo da safar da bai wanke ba tun watan Janairu da aka fara cin wasanni a jere, shi ya sa kujera biyu a damarsa da biyu a hagunsa babu kowa. Odell ya zauna can ƙarshen benci da ɗan rediyon shagonsa manne a kunne, kamar kullum.

Burl da kansa ya ja wayar wuta daga bango, ta ratsa ƙarƙashin kwando har zuwa majigi.

"Daga shagona take," ya gaya wa mai kyamara, wanda bai tambaye shi ba. "Ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Maraba ta ɗauke shi minti goma sha biyu. Ya fara daga kakansa, ya biyo ta kan karyayyen yatsa, yana cikin bayanin raunin shiyyar Gabas aka jefa ƙwallo sama a majigi. Banɗaki kuwa bai samu shiga jawabin ba. Da aka fara wasa ya maƙale makirufon a aljihun rigarsa, doguwar wayarsa na binsa, yana kai da kawowa a gaban allo yana ba koci umarni.

"Cire lamba goma sha huɗu. Na ce ka cire shi, barci yake."

A daidai lokacin lamba goma sha huɗu ya jefa ta maki uku ta shiga.

"Ka gani? Sai da na yi masa tsawa."

"Ba ya jin ka, mijin yaya," in ji Odell. "Akwai nisa."

Yaranmu suka yi wasansu na kullum, miƙa nan, miƙa can, har samarin California suka fara duban agogo suna huci. Aka tafi hutun rabin lokaci muna da ashirin da tara, suna da ashirin da biyu. A zauren babu mai motsi. Wanda ya harɗe ƙafa bai warware ba, wadda ta fara saƙa ba ta ajiye ba, don duk wanda ya girma a nan ya san ba a canza wurin zama ana kan gaba.

Sai wata 'yar gidan talabijin da ta zo da mai kyamara ta gaya wa Burl cewa in wasa ya yi zafi a ƙarshe, za a haɗa su kai tsaye ƙasa duka ta gani. Burl ya leƙa ta idon kyamara. Abin da ya gani tsofaffi ne a jere sun yi tsit, da Fasto shi kaɗai a tsakiyar kujeru babu kowa.

"Wannan ai zaman makoki ne," ya ce, ya manta makirufo a buɗe yake. "Jama'a, a tashi. Masu jajayen riguna su dawo gaba, tsofaffi su koma baya. Fasto, ka yi haƙuri ka koma wajen ƙofa, inda iska take."

"Ɗana, tun Janairu a nan nake zama," in ji Fasto.

"Umarni ne daga gidan talabijin, ranka ya daɗe. In ba a gyara ba, ba za su nuna mu ba."

'Yar talabijin ta buɗe baki za ta ce ba ita ta ce ba, amma lasifika ta fi ta ƙarfi. Kusan rabin zauren suka tashi suna gunaguni. Misis Opal ba ta ko ɗaga kai ba.

Aka dawo daga hutu, California suka ci maki tara a jere ba mu ci ko ɗaya ba.

Zaure ya rikice. Kowa ya zabura neman tsohon wurinsa, ana tsallake benci, ana taka jakunkuna. Wasu dattawa biyu da suka shekara arba'in suna abota suka kama musu a kan wanda yake dama da wanda yake hagu. Aka kamo Fasto aka mayar da shi kujerarsa kamar ana mayar da tukunya kan murhu, har wasu suka yarda suka zauna kusa da shi don neman tsari. Burl ya ga idanu sun fara juyowa kansa, sai ya ga lokaci ya yi da zai faranta wa mutane rai. Ya jawo bindigarsa, ya cusa riga a bututu, ya saita sama.

"Wa ke son riga kyauta?"

Babu wanda ya amsa, ana kallon allo. Ya danna. Rigar ba ta yi sama ba, ta miƙe ta gefe da ƙara kamar fashewar taya, ta faɗa tsakiyar babbar tukunyar faten wake. Wanda ke tsaye a wurin da kwano a hannu tsoho Virgil ne. Wake ya wanke shi daga gira har takalmi. Da yake likita ya hana shi magana, sai ya tsaya kawai yana kallon Burl, wake na gangarowa ta bayan kunnensa.

"Iska ce ta yi yawa," in ji Burl. "Bari in rage."

Harbi na biyu ta baya ya fito, ya buge shi a ciki ya zaunar da shi a cikin abin da ya zube a ƙasa. Lasifika ta isar wa mutum ɗari shida da kalmar da ya faɗa, Fasto ya sunkuyar da kai.

Ikon Allah, da kowa ya koma wurinsa sai yaranmu suka farfaɗo. Suka rama, suka wuce, suka ci gaba da miƙe-miƙensu mai sa barci, har ya rage minti biyu muna da hamsin da takwas suna da hamsin. Jar fitilar kyamara ta fara ƙiftawa. Burl ya ji zuciyarsa ta cika ƙirjinsa. Ya ga kansa a labaran yamma, ya ga Misis Opal tana miƙa masa makirufo da hannu biyu, ya ga Odell yana tafi. Ya shiga bayan labule ya jawo tsani.

Ƙarar jan tsanin ce ta sa aka waiwayo. Da ya kafa shi a ƙarƙashin kwando ya zaro almakashin zinariya daga ƙugunsa, sai aka ji wata mata ta ce, "Ya Ubangiji," ta rufe idon jikarta.

"Burl Hatcher," in ji Misis Opal, ba ta ɗaga murya ba. "Sauko."

"Malama, lissafi ne, ke kika koya mana. Maki takwas, minti biyu. Ko kakata aka sa a fili ba za a cinye mu ba."

"Lissafin da ka faɗi sau biyu?"

Ya riga ya kai sama. Ya juyo ga kyamara, ya washe baki, ya ce da Amurka ta duba ta ga yadda ake yi a Tsakiya, ya datse zare na farko. A allo wani dogon yaro ɗan California ya jefa ta maki uku, ta shiga. Burl ya yi dariya ya ce sa'a ce, ya datse na biyu. Aka ƙwace ƙwallo a hannun yaronmu, aka sake jefa ta uku, ta sake shiga. Saura maki biyu.

Dariyar ta ɗauke. Burl ya dubi allo, ya dubi ragar da ke lilo, ya dubi fuskoki ɗari shida. Sai ya saki almakashin ya kama bakin zaren da ya yanke yana ƙoƙarin ƙulla shi.

"Kada kowa ya damu, ana gyarawa. Nadine, kina da zare a jaka? Ko allura?"

"Almakashina dai za ka ba ni," in ji Nadine.

Ƙarti huɗu suka taso za su sauko da shi da ƙarfi. Ɗaya ya kama ƙafar tsani ya ja, ƙafar ta kwashi wayar da ba ta taɓa ba da kunya ba, ta fizge ta daga bango har da murfin. Allo ya yi fari fat. Tsanin ya tafi gefe guda, Burl ya tafi ɗaya gefen, Allah ya taimake shi ya cafke ƙarfen kwando da hannu biyu. Ya rataye a nan, ƙafafu na harbin iska, wando mai ɗauke da faten wake yana zamewa a hankali.

Babu wanda ya kula shi. Mutum goma suka rufu a kan wayar, amma bakinta ya karye ya maƙale a bango. A wancan zamanin babu wayar salula a aljihun kowa. Abin da ya rage a zauren mai jin abin da ke faruwa a can shi ne ɗan rediyon Odell, kuma lasifikarsa ta daɗe da raunana, ba a ji sai an manna a kunne.

"Odell, faɗa mana," in ji Misis Opal.

Odell ya hau kan benci, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Sun sake ci," ya ce. "Suna gaba da ɗaya. Saura daƙiƙa goma sha ɗaya. Koci ya nemi hutu."

"Jama'a, hannuna zai cire," in ji lasifikar zauren da muryar Burl. "Tsani. Don girman Allah, tsani. Ina da iyali."

Misis Opal ta taka har bango da muciyarta, ta zare wayar makirufon, ta dawo ta zauna a layi na uku. Zauren ya yi shirun da ban taɓa ji ba, ko a coci. Muryar Odell, wadda a shagonsa ma sai an ce ya maimaita, ta kai har benci na ƙarshe.

"An shigo da ita. Tana hannun lamba goma sha huɗu. Mutum biyu sun tare shi. Ya miƙa. An dawo masa da ita. Saura huɗu. Yana can nesa, kusa da tsakiya. Ya ɗaga."

Ya runtse ido.

"Ta shiga," ya ce. "An busa. Mun ci."

Ihun da aka yi ya tayar da tsuntsaye daga rufin kwalejin. Aka ɗaga Odell sama da rediyonsa, dattawan nan biyu suka rungume juna suna kuka, har Fasto ya samu masu rungumarsa. A daidai nan aka haɗa mu da ƙasa kai tsaye. Abin da Amurka ta gani shi ne jama'a sun ɗauki wani mai aski suna zagaye da shi, a samansu kuma ƙafafu biyu na lilo, wando ya sauka har gwiwa, gajeren wandon ciki mai zanen agwagi ya bayyana. Sai da Nadine ta tsinci almakashinta ta duba ta ga bai lanƙwashe ba, sannan ta ce a mayar masa da tsani.

Da murna ta lafa sai abin ya fara cin mutane a rai. Ƙwallo mafi girma a tarihin garin, an gan ta a Alaska, an gan ta a Florida, 'yan gidan yari ma sun gani, mu da muka haifi yaran ba mu gani ba. A labaran yamma an nuna ta sau ɗaya, an nuna ƙafafun Burl sau biyar. Mai sheƙin gashin nan ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ya janye maganarsa, bai san Tolliver ta iya ba da nishaɗi haka ba.

Washegari Burl ya shigo gidan abincin bakin gada hannuwansa biyu naɗe da bandeji, ƙirji a gaba. Kwamiti na zaune a teburin kusa da taga, Odell na gefe yana shan kofi.

"Ba sai kun gode mini ba," ya ce. "Da ban katse wayar nan ba, idonku zai yi wa yaron nauyi ya zubar. Dabara ce. Kuma wa ya sa sunan garin nan a bakin duniya?"

"Agwaginka," in ji Odell.

"Zauna, Burl," in ji Misis Opal. "Makirufo na Odell ne. Mun kaɗa ƙuri'a, Virgil ma ya ɗaga hannu biyu."

Burl ya zauna. Wannan karon gaskiya har ya ba ni tausayi. Ya kafa wa bandejinsa ido.

"Amma muna da wani aiki," ta ci gaba. "Kowane wasa kana tsakiyar fili. Kyamara ba za ta rabu da kai ba. Yara za su yi layi su ɗauki hoto da kai. Sai dai mai karɓa sai ya yi alkawarin shekara uku."

Kafaɗun Burl suka fara dawowa wurinsu.

"Na san in babu ni ba za ku iya ba. Na yi alkawari. Fasto, ka shaida."

"Na shaida," in ji Fasto da sauri.

Aka jawo wani ƙaton kwali daga ƙarƙashin tebur aka buɗe. Kowace kwaleji tana da dabbar da take taƙama da ita, wadda wani zai shiga cikin rigarta yana rawa a gefen fili. Tamu tarwaɗa ce, saboda kogi. Kan kaɗai ya kai girman bahon wanki, baki a wangame, gashin baki har kafaɗa. Mai sawa ya ƙaura ya bar gari, rigar tana ajiye.

"Doka ɗaya ce a aikin, kuma duk ƙasar nan haka take," in ji Misis Opal. "Daga lokacin da ka sa kan nan har ka cire, ba ka magana. Ko tari ya zo maka, ka haɗiye."

"Ko kalma ɗaya, Malama?"

"Ka taɓa jin kifi ya yi sharhi?"

Ranar Asabar aka sake taruwa a zauren don wasa na biyu, da sabuwar waya wadda aka saya a wani shagon. Odell ya yi maraba cikin jimla biyu, ya faɗi inda banɗaki yake, ya zauna. A ƙarshen benci tarwaɗa na zaune, baki a buɗe, gumi na tsiyaya ta wuyan rigar. Mai sharhi ya fara bayanin ƙarfin shiyyar Gabas, kan kifin ya yi ta karkarwa, hannuwa suka ɗaga suka sauka, amma Fasto na kallo.

Nadine ta zo da kwanon burodin masara ta zauna a gefensa. Ta gyara zama, ta ajiye jakarta, ta dubi agogo ta ga akwai sa'a biyu cur a gaba.

"Yauwa, maigida," ta ce. "Ranar bikinmu na fara wata magana ka katse ni. Bari in ɗauko ta daga farko."